Ƙubba Biyu: Daga Filorans Zuwa Hubbaren Wurno

Bayan Babbar Sallah da ta wuce, wani abokinmu da ke karatu a Italiya ya turo mana hotunan babbar majami'ar birnin Filorans. Ya taka matakala 463 har ƙolin ƙubbarta, ya ɗauko birnin daga sama, jajayen rufin gidaje iya ganin ido. A ƙarƙashin hoton ƙarshe ya rubuta tambaya ɗaya: "To mu ina namu?" Ba da raini ya yi ta ba. Ɗan Rabah ne, ya ma fi mu kishin gida. Amma tambayar ta tsaya mana a rai, har ta sa muka kama hanyar Wurno, garin da muka sha ratsawa tun muna yara ba tare da mun taɓa tsayawa mun dube shi a matsayin aikin magina ba.

Bari mu fara ba majami'ar haƙƙinta. An aza harsashinta a 1296 bisa tsarin Arnolfo di Cambio. Aka yi ta gini fiye da shekara ɗari, aka bar wawakeken gurbi a sama saboda babu wanda ya san yadda za a rufe shi. Filippo Brunelleschi ne ya warware matsalar tsakanin 1420 da 1436, ya ɗora ƙubba mai ɓawo biyu, ɗaya cikin ɗaya, da jan bulo sama da miliyan huɗu. Daga baya, tsakanin 1572 da 1579, aka zane cikinta da hotunan ranar hisabi. Fuskar ginin ta marmara fari da kore da ja-ja, wadda baƙi ke tsammanin ita ce mafi tsufa, sai a 1887 aka kammala ta. Duk wanda ya ce wannan ba gwaninta ba ce, son zuciya ya faɗa.

Wurno kuwa tana zaune a kan tudu, arewa maso gabas da Sakkwato, tana kallon fadamar gulbin Rima. Kafin ka shiga gari za ka fara cin karo da arzikinta: shinkafa, albasa, tafarnuwa. A cikin tsohon gari lunguna ne ƙanana, katangar ƙasa a nan, ta bulon siminti a can, rufin kwano ya kusa cinye rufin soro. A nan hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake. Ana cire takalmi, a shiga, a yi addu'a, a fito. Babu hoto a bango, babu mutum-mutumi, babu abin da zai sa ka ɗaga kai har hula ta faɗi. Gidan wani ɗan siyasa na wannan zamani ya fi shi ƙyalli nesa ba kusa ba.

Ba za mu ɓoye ba, da muka fito sai muka ji kamar abokinmu ya ci mu da hujja. Wayoyinmu na hannu, mun rasa abin da za mu ɗauka mu mayar masa da shi. Sai da muka zauna a inuwa muka huta, sannan muka gane cewa da ma'aunin aro muka zo awo.

Ma'aunin aro

Kalmar hubbare ta fito ne daga ƙubba ta Larabci, ta biyo ta bakin Fulatanci ta iso mana. Ke nan ƙubba biyu muke kwatantawa, amma kowacce da abin da aka gina ta ta faɗa. Majami'ar Filorans gasa ce. Biranen Italiya na wancan lokaci, irin su Pisa da Siena da Filorans, kowanne yana son nasa ɗakin ibada ya zarce na maƙwabci, kuma tun 1331 ƙungiyar masu sana'ar ulu ta Filorans ce ke riƙe da ragamar aikin. Hotunan da ke bango kuma karatu ne ga jama'ar da yawancinsu ba su iya karatu ba. Girman ginin shi ne saƙon.

Mutanen da suka yi jihadin 1804 sun taso cikin karatun da ke ƙin ɗaga kabari da ƙawata shi, wanda kuma bai yarda da siffar mai rai a wurin ibada ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ya rasu a 1817, a cikin gidansa aka binne shi a Sakkwato. Idan muka je makwancin ɗansa muna neman marmara da zanen mala'iku, mun je neman abin da masu wurin suka ƙi da gangan. Ƙanƙantar hubbaren ba gazawar magini ba ce, ra'ayi ne, kuma ya kamata mai nazari ya karanta shi a matsayin ra'ayi kafin ya yanke hukunci.

To ina Bello ya zuba ƙoƙarinsa na gini? A garin kansa. Shi ne ya kafa Sakkwato a 1809 ya kewaye ta da ganuwa. Da ya zama Sarkin Musulmi, daga 1817 zuwa 1837, babbar barazanar da ke gabansa daga arewa da gabas take, wajen Gobirawan da ba su sallama ba bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da abokan ƙawancensu. Maganin da ya kawo shi ne ribaɗi: garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, inda mayaƙi zai zauna da iyalinsa, ya yi noma, ya yi karatu, ya yi tsaro. Wurno ita ce babbar cikinsu, ya kafa ta wajen 1830 ya mayar da ita mazauninsa. A wasiƙar nasiha da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, wadda aka sani da Usulus Siyasa, ya lissafa gina garuruwa masu kariya da gadoji, da gyaran kasuwanni da hanyoyi, da tallafa wa masu sana'a, cikin ayyukan da ke wuyan shugaba. Ya ci yaƙin Gawakuke a 1836, ya rasu a Wurno a 1837, aka binne shi a nan. Ga mutumin da ya san falalar da hadisi ya ba wanda ya mutu yana tsaron iyaka, wurin kabarin ma magana ce.

Da muka fahimci haka sai muka sake zagaya garin da wani ido. Tudun ya ba mai tsaro damar hango maƙiyi tun daga nesa. Fadamar da ke ƙasa abinci ce da rani, shinge ce da damina idan ruwa ya cika. Lungunan da muka raina suna karya gudun doki, suna kuma riƙe inuwa mafi yawan yini. Wannan tsari ne da aka yi da tunani, kamar yadda ƙubbar Brunelleschi take lissafi. Bambancin shi ne ba a ɗaukarsa a hoto ɗaya, sai an taka shi da ƙafa. Kuma bai tsufa ba. Wanda ya tuna harin da aka kai ƙauyen Tabanni na ƙasar Rabah a Yulin 2018, ko wanda aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, ya san tambayar da Bello ya gina Wurno don amsawa, wato yadda manomi zai kwana lafiya kusa da gonarsa, ita ce tambayar gabashin Sakkwato a yau.

Ƙasa ma tana da gwanaye

Akwai masu cewa ai ƙasa ba ta kai a kira ta fasaha ba. Waɗannan ba su taɓa tsayawa ƙarƙashin daurin guga sun ɗaga kai ba. Maginin Hausa yana aiki ne cikin ƙunci biyu: ba shi da dutsen sassaƙa a kusa, kuma azara, wadda ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cika cin ta ba, ba ta iya ɗaukar nauyin rufi idan tazarar ta wuce kusan mita biyu. Maimakon ya haƙura da ƙananan ɗakuna, sai ya riƙa jera azara yana turo kowane sahu gaba kaɗan daga bango, yana ɗaurewa, yana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Idan bakuna suka giciye juna suka ɗauki tulluwa, an sami zaure mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Bangon na tubali ne, mai kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama. Makuba daga kwasfar ɗorawa da laso mai haɗin katsin marina su ne rigar ruwansa, indararo kuma ya tura ruwan sama nesa da gindin bango. Matsalar Brunelleschi ke nan, yadda za a rufe fili mai faɗi, aka warware ta da kayan da ke bayan gari. Bulonsa ma ai ƙasa ce aka gasa.

Mun kuma san cewa daular ta ɗauki wannan sana'a da daraja. Hugh Clapperton, Baturen da ya zo Sakkwato a 1824, ya ba da labarin masallacin da Waziri Giɗaɗo ke ginawa, ya ce babban maginin Bazazzagi ne, wanda mahaifinsa ya je Masar ya koyo wani abu na gini ya bar masa takardunsa. A Zariya, zamanin Sarki Abdulkarim, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a da har gobe masana ke ɗauka a matsayin ƙololuwar ginin Hausa. A Yama ta Jamhuriyar Nijar, masallacin ƙasa da Falke Barmu ya fara a 1962 ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Saboda haka amsar farko ga abokinmu mai sauƙi ce: muna da namu.

Inda suka fi mu

Da a nan muka tsaya, da mun yi wa kanmu daɗin baki. Akwai wurin da Italiya ta kayar da mu ƙasa warwas, kuma ba a tsawon gini ba ne.

Hukumar da aka kafa don gina majami'ar Filorans a 1296 tana nan har yau, tana da ma'aikata, tana da rumbun takardu, tana sa ido a kan tsagar da ke jikin ƙubbar da na'urorin awo. A Milan an fara babbar majami'a a 1386, aka kafa hukumar aikinta a 1387, aka mallaka mata mahaƙar marmara ta Candoglia. Sama da shekara ɗari shida ke nan, har yanzu daga wannan mahaƙa ake yanko dutse ana musanya wanda ya zaizaye. Mutanen Milan ma idan aiki ya ƙi ƙarewa, da aikin majami'arsu suke kwatanta shi. Abin da baƙo ke gani a matsayin dutse mai dawwama, gyara ne da ba a taɓa dainawa ba.

In dutse kaɗai ke raya gini, da Surame na nan da ranta. Birnin Kanta na Kabi ne tun ƙarni na 16, a cikin jihar Sakkwaton nan, kuma an yi ganuwarsa da duwatsu. Yau kufai ne. Masallacin Jenne na Mali kuwa ƙasa ce zalla, ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, amma kowace shekara gari duka ke fitowa a yi masa yaɓe kamar ranar salla. Hasumiyar Agadas ta ƙasa, mai tsawon mita 27, wadda aka sake ginawa a 1844, tana cikin abin da ya sa UNESCO ta sa tsohon birnin a jerin kayan tarihin duniya a 2013. Abin da ya raba mai rai da kufai shi ne ko akwai wanda gyaran ke wuyansa.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan ciwo. Rubuta sabuwar manhaja shi ne aikin da kowa ke so, don shi ake yabo. Kula da tsohuwa, toshe ɓaraka, rubuta bayanin dalilin da ya sa aka yi kaza, wannan kowa gudunsa yake. Sai ranar da wanda ya san cikinta ya bar aiki, a rasa mai taɓa ta, a ce a rushe a sake daga farko. Sabuwar takan fito da kyan fuska, amma hikimar shekaru da ke cikin tsohuwar ta tafi, kuma babu wanda ya san abin da aka rasa balle ya nema.

Haka muka yi da gine-ginenmu. An sake gina babban masallacin Kano da kankare, aka buɗe shi a 1951. A shekarun 1960, zamanin Firimiya Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, wanda aka haifa a Rabah kuma tattaɓa-kunnen Muhammadu Bello ne, aka sabunta manyan masallatan Juma'a na Sakkwato da ginin zamani. A shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage na masallacin Babban Gwani a cikin sabon gini, har ta kai wanda ke son ganin cikakkiyar siffarsa sai ya je Jos, gidan adana gine-ginen gargajiya, inda aka yi kwafinsa bisa awon da Zbigniew Dmochowski ɗan ƙasar Polan ya ɗauka. Ba mu zargin niyyar waɗanda suka yi waɗannan ayyuka. Jama'a ta ƙaru, masallatai sun yi kaɗan, kuma girmama magabata suka nufa. Amma sakamakon shi ne, idan muna son sanin kamannin Wurno ta ƙarni na 19, ɗaya daga cikin manyan madogararmu taswirar da Heinrich Barth ya zana ce, Bajamushen da ya yi kimanin wata guda a garin a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Garin da ya yi fice da malamai marubuta, baƙo ne ya ajiye mana zanen ganuwarsa da ƙofofinsa.

A bakin wani zaure muka tarar da wani dattijo da aka ce mana tsohon magini ne. Muka durƙusa muka gaishe shi.

"Samari, mi kuka zaka biɗa?"

"Baba, tsohon gini muke dubawa. Me ya sa katangun nan ke zubewa alhali an shafe su da siminti?"

Ya yi dariya. "Simintin shi ka kashe su, ɗana. Ƙasa tana son ta sha iska. In ka rufe ta, ruwa ya shiga ta tsaga, ba shi da wurin hita, sai ta ruɓe daga ciki kai ba ka sani ba. Ran da ɓawon ya hwaɗi, ka ishe babu komi baya nai."

Muka tambaye shi ko yana da almajirai. Ya ce na ƙarshensu ya koma buga bulo, kuma bai ga laifinsa ba, don can kuɗi suke.

Ba mu ga laifinsa ba mu ma. Mai sauƙi ne mutum ya zauna a ɗaki mai fanka ya yi wa talaka wa'azin ginin ƙasa. Yaɓe na kowace shekara wahala ce da kuɗi. Azara ta yi tsada don giginya ta ragu. Wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwan Rima ya shafe ƙauyuka a yankin Goronyo da Wurno, ya ga yadda gidan ƙasa ke narkewa, ba za ka hana shi son bulo ba. Ba muna kiran kowa ya koma gidan ƙasa ba ne. Muna magana ne a kan 'yan gine-gine ƙalilan da su ne shaidar abin da muka iya.

Kuma kafin a ce ƙasa kayan da ne, a leƙa Goronyo. Madatsar ruwan da aka kammala a 1984, mai tsawon sama da kilomita 12, wadda noman rani na kwarin Rima ya dogara da ita, tarin ƙasa da yashi ce aka daddanne. Ita ce gini mafi girma a yankin nan duka, kuma babu mai kiran ta ƙauyanci, saboda injiniyoyi ne suka auna ta, akwai zanenta a takarda, akwai hukumar da aka ɗora wa kula da ita. Awo, rubutu, da mai alhaki: abubuwa ukun da tsohuwar Wurno ta rasa ke nan.

Abin da ke hannunmu

Biyu daga cikin ukun ba su fi ƙarfin masu karanta wannan rubutu ba. Wayar da ke hannunka tana iya ɗaukar ɗaki ta kowace kusurwa, a haɗa hotunan da manhaja su ba da siffarsa da awonsa. Tana iya naɗar muryar tsohon magini yana bayanin yadda ake kwaɓa makuba, da sunan wanda ya koya masa, da sunan wanda ya koya wa wancan. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo za su iya bin tsofaffin unguwannin Wurno da Rabah gida-gida, da izinin masu gidajen, su rubuta kowane zaure mai bakan gizo da ya rage, su bi sawun ganuwa su gwada da taswirar Barth, a ajiye kwafi a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato. Mun san matsalar tsaro ta sa wasu hanyoyin ba su biyuwa yadda ake so, wannan ma dalili ne na gaggautawa a inda ake iya zuwa.

Na ukun, wato mai alhaki, shi ne mai wuya, amma ba baƙonmu ba ne. Muna da waƙafi a addini, muna da gayya a al'ada, muna da sarautar Sarkin Magina. Gona ɗaya a fadamar Wurno da aka tsayar da amfaninta don gyaran tsofaffin gine-gine da biyan almajiran magina, da rana ɗaya a shekara bayan kaka da gari zai fito yaɓe, sun fi kwangilar gyara ta miliyoyi da za a yi sau ɗaya a manta. Abin da Milan ta yi da mahaƙarta ke nan, ba wani sihiri ba.

Da yamma, kafin mu bar gari, mun tsaya a bakin tudu muka ɗauki hoton fadama: kore shar, masu ban ruwa suna tattara kaya, hayaƙin girki yana tashi daga ƙauyukan ƙetare. Shi muka tura wa abokinmu, muka rubuta masa cewa namu yana nan, sai dai ba shi da mai duba shi. Muka roƙe shi alfarma ɗaya: kafin ya dawo, ya bar hawan ƙubba, ya nemi ofishin masu gyaran ta, ya tambayo mana yadda suke ajiye takardunsu da yadda suke horar da yaransu.

Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Bello, ya jiƙan maginan da suka ɗora masa tubali waɗanda ba mu riƙe sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.